Magungunan Sirri da na Cikin Gida a Ingila Zamanin Sarauniya Biktoriya: Me Ke Cikinsu, Me Ya Sa Aka Yarda da Su?

Wata malamar jinya ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga hotunan tsofaffin tallace-tallacen magani na Ingila, na zamanin Sarauniya Biktoriya, inda ake cewa ƙwaya iri ɗaya tana warkar da cututtuka barkatai, kuma ta ji an ce wasu daga cikin magungunan har jarirai sun kashe. Tana son ta san abin da ke cikinsu, da dalilin da ya sa mutanen ƙasar da ake ganin ta yi nisa a ilimi suka yarda da su, da kuma ko akwai abin kirki a cikin magungunan da matan wancan zamani suke haɗawa a gida.

Malama, abu na farko da nake so ki riƙe shi ne cewa mutanen da suka sayi waɗannan magunguna ba wawaye ba ne. Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma a kusan dukkan waɗannan shekaru, daga cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a Ingila, kimanin 150 ba sa cika shekara ɗaya a duniya. Tarin fuka da kwalara da ƙyanda da tarin shiƙa da gudawar yara suna ɗibar mutane a unguwannin ma'aikatan masaƙu, inda iyali guda suke kwana a ɗaki ɗaya, ruwan sha kuma yana gauraye da na masai. Kiran likita gida yana iya cin kuɗin aikin yini guda na lebura ko fiye da haka. Idan ma an kira shi, abin da ke cikin jakarsa a farkon zamanin bai wuce tsaga jijiya a zubar da jini ba, da ɗora matsattsaku, da maganin amai, da maganin wankin ciki mai ɗauke da zaiba. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, kuma ko bayan an gano ta, an yi shekaru fiye da 60 kafin a sami maganin da ke kashe ta. Saboda haka talakan da ya zaɓi kwalbar sule ɗaya a kan likita ya yi lissafin da ya dace da halin da yake ciki. Inda aka cuce shi shi ne a ɓoye masa abin da ke cikin kwalbar, kuma doka ta yarda a ɓoye.

Turawan Ingila suna kiran irin waɗannan magunguna patent medicines, sunan da ya samo asali daga takardar amincewa da sarki yake bai wa wasu masu haɗa magani tun ƙarni na 17. Amma a zamanin Biktoriya kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke da takardar mallakar ƙirƙira ta gaskiya, domin wanda ya nemi wannan takarda dole ne ya bayyana haɗinsa a rubuce, bayyanawar kuwa ita ce abin da mai sana'ar ya fi gudu. Abin da suke karewa shi ne suna da tambari da siffar kwali. Gwamnati kuma tana da nata rabon, domin tun daga 1783 ake karɓar haraji a kan irin waɗannan magunguna, ana manna wata takardar shaidar biya mai alamar gwamnati a kan kowane kwali. Shi ya sa farashin da aka fi sani ya zama sule ɗaya da ahu, wato sule na mai magani, kwabo ɗaya da rabi na haraji. Mai saye da ya ga alamar gwamnati sai ya ɗauka hukuma ta duba maganin ta amince da shi, masu talla kuma suna ƙarfafa masa wannan zato, har sai da aka ƙara rubutu a jikin takardar cewa ba ta nufin wani tabbaci daga gwamnati.

Kashi mafi girma na kasuwar ƙwayoyin wankin ciki ne. James Morison, wanda ba likita ba ne, ya fara sayar da ƙwayoyinsa a 1825 da koyarwar cewa dukkan cututtuka tushensu ɗaya ne, wato dattin jini, maganinsu kuma ɗaya ne, wato a wanke ciki, kuma gwargwadon yawan ƙwayar da aka sha gwargwadon saurin warkewa. A cikin haɗinsa akwai busasshen ruwan ganyen alo, dangin alobera, da wani ƙaro mai tsananin sa zawo da ake kawowa daga kudu maso gabashin Asiya. A 1836 kotu a Landan ta kama wani wakilinsa da laifin kisa ba da niyya ba, bayan wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ya mutu sakamakon ɗimbin ƙwayoyin da aka yi ta ɗura masa. Wannan bai kashe kasuwar ba. Thomas Holloway ya shigo a 1837 da ƙwaya da man shafawa, ya yi talla a jaridun ƙasashe da harsuna da dama, har kuɗin tallarsa ya kai kimanin fam 50,000 a shekara kafin rasuwarsa a 1883. Da dukiyar da ya tara aka gina kwalejin mata ta Royal Holloway, wadda Sarauniya da kanta ta buɗe a 1886. Thomas Beecham kuwa, wanda ya yi kiwon tumaki yana yaro, ya fara tallar ƙwayoyinsa a kasuwannin arewacin Ingila a shekarun 1840, ya kafa masana'anta a garin St Helens, yana cewa kwalinsa ɗaya ya cancanci gini guda, wato sule 21. Lokacin da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta sa aka binciki ƙwayoyin Beecham, ta buga sakamakon a 1909, abin da aka samu shi ne alo da garin citta da sabulu, kuma an ƙiyasta kayan haɗin kwali mai ƙwaya 56 a kan kimanin kashi ɗaya cikin takwas na kwabo.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan ƙwaya ta riƙe masu sayenta shekara da shekaru. Abincin talakan birni burodi ne da shayi da dankali da ɗan kitse, don haka taurin bayan gida ya zama ruwan dare, tare da kumburin ciki da ciwon kai da kasala da ke biyo bayansa. Wanda ya sha alo da dare zai ga aikinsa da safe, ya ji sauƙi na gaske, kuma wannan sauƙi shi ne hujjarsa cewa sauran alkawuran da ke jikin takardar ma gaskiya ne. Ga shi kuma yawancin ƙananan cututtuka suna warkewa da kansu cikin kwanaki, sai yabon ya tafi ga abin da aka sha na ƙarshe. Masu maganin suna tattara wasiƙun godiya na waɗanda suka warke suna bugawa, wanda ya mutu kuwa ba ya rubuta wasiƙa. Soke harajin talla a 1853, da na jarida a 1855, da na takarda a 1861, ya sa jaridu suka yi arha suka yawaita, jirgin ƙasa yana kai su kowane lungu tare da kwalayen maganin, kuma jaridar da kuɗin tallar magani ke ciyar da ita ba ta da sha'awar bincikar mai maganin.

Ƙwayoyin wankin ciki sun fi cin aljihu. Abin da ya ci rai da yawa shi ne ofiyom, kuma a nan zan tsaya sosai domin shi ne amsar abin da kika ji game da jarirai. Ofiyom ƙaro ne da ake tatsa daga ƙoƙon wani fure, mafi yawansa a lokacin daga Turkiyya ake kai shi Ingila, kuma daga cikinsa ake fitar da mofin. Idan aka jiƙa shi a barasa sai ya zama abin da suke kira lodanam. Kafin 1868 babu dokar da ta hana kowa sayar da shi, mai kantin kayan masarufi yana auna na kwabo ɗaya ya bai wa yaron da aka aiko. Kuma dole a faɗi gaskiya, ofiyom yana aiki. Yana kashe zafin ciwo, yana tsayar da tari, yana tsayar da zawo, yana sa barci, a zamanin da babu wani abu da ke yin ko ɗaya daga cikin waɗannan da kyau, domin asfirin ma sai a 1899 ya shiga kasuwa. A yankin fadamun gabashin Ingila, inda zazzaɓin cizon sauro da ciwon gaɓoɓi suka addabi manoma, ana dafa ƙoƙon furen a sha kamar shayi, ana kuma sayen ƙwayar ofiyom a ranar kasuwa tare da sauran cefane.

Na jarirai kuwa an ba su sunaye masu kwantar da hankali. Wanda ya fi shahara shi ne Godfrey's Cordial, ofiyom a cikin baƙin ruwan sukari mai kauri da ɗan ƙamshi, kuma da yake kowane mai kantin magani yana iya dafa nasa ya sayar da wannan suna, ƙarfinsa ya bambanta daga kanti zuwa kanti. Uwar da ta saba ba da cokali ɗaya daga kwalbar wani kanti, idan ta saya a wani wurin, cokalin nan ɗaya yana iya zama ajalin ɗanta. Daga Amurka kuma aka kawo Mrs Winslow's Soothing Syrup, wanda aka fara sayarwa a jihar Maine a 1849, da hoton uwa mai fara'a da 'ya'yanta a jikin talla, alhali a cikin kowane mililita 30 akwai kimanin miligiram 65 na mofin, kuma babu inda aka rubuta hakan. Jikin jariri ba ya iya sarrafa mofin yadda na babba yake yi, don haka ɗan ƙari kaɗan yana rage numfashi har ya tsaya. Amma mutuwar da ta fi yawa ba ta farat ɗaya ba ce. Jaririn da ake ba shi maganin safe da yamma yana yini cikin maye, ba ya kukan yunwa, ba ya kama nono da ƙarfi, sai ya yi ta ramewa har wata ƙaramar cuta ta ƙarasa shi, a rubuta a rajista cewa rauni ne ko taune-taune. Dakta Henry Julian Hunter, wanda gwamnati ta tura ya binciki mutuwar jarirai a yankin fadamun, ya bayyana a rahotonsa na 1864 cewa yaran suna motsewa su koma kamar ƙananan tsofaffi.

Masu rubuce-rubucen wancan zamani sun ɗora laifin a kan iyaye mata ma'aikata, da tsofaffin matan da ake bar wa reno a biya su kaɗan, kuma ban yarda da wannan hukunci ba. Matar da za ta tsaya a gaban injin saƙa awa 10 ko fiye, ko wadda take ɗinkin leshi a gida ana biyanta gwargwadon abin da ta gama, tana bukatar jaririn ya yi barci domin a sami abin da za a ci. An sayar mata da kwalba da sunan mai sanyaya rai, mai kantin da ta sani ne ya miƙa mata, alamar gwamnati tana jiki, kuma ba a gaya mata guba ce ba. Gidajen masu hali ma sun yi amfani da irin waɗannan magunguna, sai dai ba a tura masu bincike gidajensu ba.

Manya suna da nasu. Dakta John Collis Browne, likitan soja a Indiya, ya haɗa Chlorodyne a 1848 domin masu kwalara, daga baya aka riƙa sayar da shi a Landan don tari da zawo da ciwon jijiya da rashin barci. A cikinsa akwai mofin da kulorofom da ruwan tabar wiwi, kuma mutane da yawa da suka fara sha don ciwon ciki sun wayi gari ba sa iya yini babu shi. A Faransa Angelo Mariani ya fito da giyar inabi mai ganyen koka, ganyen da ake fitar da hodar ibilis daga cikinsa, a 1863, kuma giyar ta sami karɓuwa har a wajen manyan mutane. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da hiroyin, wanda ake sarrafawa daga mofin, a matsayin maganin tari. Wannan na ƙarshe kamfanin kimiyya ne ya yi shi, likitoci kuma suka rubuta shi, abin da ke nuna cewa iyakar da ke tsakanin ɗan kasuwa da likita a lokacin ba ta da kauri kamar yadda likitocin suke so a ɗauka.

Sai kuma ƙarafa masu guba. Zaiba tana cikin farin garin da ake kira kalomel da kuma shuɗiyar ƙwaya, waɗanda likitoci suka fi kowa rubutawa don wankin ciki da ciwon hanta da tunjere, har ana ɗaukar dalalar miyau da kumburin dasashi a matsayin alamar magani ya kama, alhali alamar guba ce. Florence Nightingale ta koka a littafinta na jinya na 1859 kan matan da suke samun takardar shuɗiyar ƙwaya sau ɗaya daga likita, sannan su mayar da ita abin sha da bayarwa sau biyu ko uku a mako. An kuma sa kalomel a cikin garin fitar haƙori na jarirai, irin su Steedman's, kuma wannan ya haifar da wata cuta da ke sa tafin hannu da ƙafar yaro su yi ja su riƙa saɓa, yaron yana kuka ba dare ba rana. Ba a tabbatar da cewa zaiba ce sanadi ba sai a 1948, kuma da aka cire ta daga garin a Birtaniya a 1954 cutar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Asanik, wadda ake kashe ɓera da ita, tana cikin ruwan Fowler da likitoci suke bayarwa don zazzaɓi da cututtukan fata, a ƙarshen ƙarnin kuma aka riƙa tallar ta ga mata don hasken fuska. Ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan gyaran al'adar mata kuwa, kowa ya san zubar da ciki ake nufi da su, kuma a garuruwa irin su Sheffield da Leicester likitoci sun ga mata da gubar dalma sakamakon haɗiye wani haɗin dalma da aka yi shi don ɗaure rauni, da nufin zubar da ciki.

Batun fitar haƙori ya cancanci ƙarin bayani, domin ke ma kina jin iyaye suna cewa haƙori ne ya kawo zawo da zazzaɓi. A Ingila ta wancan lokaci har a rajistar mace-mace ana rubuta fitar haƙori a matsayin sanadin mutuwa, likitoci kuma suna tsaga dasashin jariri da wuƙa don su sauƙaƙa wa haƙorin. Gaskiyar abin ita ce watannin fitar haƙori su ne watannin da ake fara ba yaro abinci, kariyar da ya samu daga uwa tana raguwa, yana rarrafe yana kai komai baki. Ga kuma kwalbar shayarwa mai dogon bututun roba da ta yaɗu a lokacin, wadda ba ta wankuwa, madara tana ruɓewa a cikinta. Ƙwayar cuta ce take kawo zawon, sai a ɗora wa haƙori, sannan a ba yaron ofiyom ko zaiba a kan ciwon da yake bukatar ruwa kawai.

Magungunan gida sun fi waɗannan sauƙin hukunci. Matar gida ita ce likitar farko, tana koyo daga uwarta ko daga littattafan kula da gida, irin na Isabella Beeton da ya fito a 1861 da babi na musamman kan jinya da cututtuka. A ɗakin ajiyarta akwai man zurma da ganyen sanna, ɗan'uwan filasko, da gishirin Epsom, duk don wankin ciki. Idan sanyin hunturu ya wuce ana ba yara farar wuta a gauraye da baƙin ruwan sukari, da nufin wanke jini. Mai ciwon ƙirji ana shafa masa kitsen dinya ko man kafur a rufe da takarda mai kauri ko ƙyallen ulu, ko a dama garin mustad a shimfiɗa a ƙyalle a ɗora masa, wanda idan ya daɗe yana ƙona fata. Maruru ana ɗaure shi da burodi da aka jiƙa a ruwan zafi, ciwon haƙori a ɗiga masa man kanumfari. Mara lafiyar da ba ya iya cin abinci ana ba shi kunun alkama ko na hatsin ots, da ruwan dafaffen sha'ir, da romon naman sa da aka tace. Yaro mai tarin shiƙa kuma ana kai shi masana'antar iskar gas ya shaƙi hayaƙin wurin.

A ganina waɗannan sun kasu uku, wato masu amfani, da marasa amfani marasa cutarwa, da masu cutarwa, ko da yake ba daidai wa daida ba. Man kanumfari yana kashe zafin haƙori da gaske, har yau likitocin haƙori suna amfani da sinadarinsa. Ɗumama maruru yana taimaka masa ya nuna ya fashe. Romo da ruwan sha'ir ba su da ƙarfin gina jiki da aka ɗauka suna da shi, amma suna mayar wa jiki ruwa da gishiri, kuma wannan ne abin da mai zawo ko zazzaɓi ya fi bukata, ko da yake sai a ƙarni na 20 aka kai ga ruwan gishiri da sukari da kike haɗa wa iyaye a yau. Man hantar kifi, wanda Dakta John Hughes Bennett ya yayata a Birtaniya a 1841, yana maganin laushin ƙashi da ke gwame ƙafafun yaran da hayaƙin kwal ya tsare wa rana, shekaru kusan 80 kafin a gano bitamin D da ke cikinsa. Kitse da takarda a ƙirji ba sa warkar da komai, amma ba sa cutarwa, kuma suna zuwa tare da kwanciya da ɗumi da kulawar uwa. Masu cutarwa su ne yawan wankin cikin yara, musamman yaro mai ciwon ciki da ba a san sanadinsa ba, da sa amai da gangan, da kuma lodanam da kalomel, waɗanda suke zaune a kan kanta ɗaya da man zurma a gidaje da yawa.

Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya bambanta da duk waɗannan, domin yana kashe abin da ke kawo cutar ne, ba ɓoye alamarta kawai ba, kuma tarihinsa ya ratsa ƙasarmu. A tafiyar da Turawan Ingila suka yi a kogin Kwara a 1841 fiye da 40 daga cikinsu sun mutu, akasari da zazzaɓi. A 1854 Dakta William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fito babu wanda zazzaɓi ya kashe, kuma wannan ya buɗe wa 'yan kasuwa da sojojin Birtaniya hanyar kogin. Wasu sunayen zamanin ma sun biyo wannan hanya sun zauna a kantunanmu, irin su ruwan ciwon cikin jarirai na Woodward's, wanda aka fara haɗawa a Notingham a 1851 da barasa a cikinsa kafin a cire ta daga baya, da gishirin Andrews na 1894.

Gyaran doka ya zo a hankali, kuma kusan kowane mataki sai da aka yi asarar rai. Dokar asanik ta 1851 ta wajabta rubuta sunan mai saye da rina garin da baƙin hayaƙi ko shuni. A 1858 a garin Bradford an zuba asanik cikin alewa bisa kuskure, an ɗauka farin garin da ake ƙara wa sukari auki ne, kimanin mutum 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta. Dokar harhaɗa magunguna ta 1868 ta taƙaita sayar da guba ga masu rajista, ta kuma ce a rubuta kalmar guba a jikin ofiyom, amma ta keɓe magungunan sirri, don haka mofin ɗin da ke cikin kwalba mai tambari ya ci gaba da tafiya babu gargaɗi. Sai a 1892 kotu ta yanke a kan Chlorodyne cewa maganin da ba shi da takardar mallakar ƙirƙira ta gaskiya bai shiga wannan keɓewa ba. A wannan shekarar ce kuma aka yi shari'ar da ɗaliban lauya a Nijeriya suke karantawa har yau. Kamfanin Carbolic Smoke Ball ya yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya shaƙi ƙwallonsa na roba mai magani a ciki sau uku a rana har mako biyu sannan mura mai tsanani ta kama shi, ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Louisa Carlill ta bi umarnin, murar ta kama ta, kamfanin ya ƙi biya da hujjar cewa zuƙin talla ne kawai, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce alkawari ne mai ɗaure wanda ya yi shi. Bayan littattafan da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta buga a 1909 da 1912 kan abin da ke cikin magungunan sirri, kwamitin majalisa ya fitar da rahoto mai zafi a watan Agustan 1914, yaƙin duniya ya binne shi. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1920 ta ɗaure ofiyom da mofin da hodar ibilis, amma wajabta rubuta abin da ke cikin magani a jikin kwalinsa bai tabbata a Birtaniya ba sai a 1941, shekara 40 bayan rasuwar Sarauniyar.

Sunan nan na patent ya biyo dokokin mulkin mallaka ya zauna a lasisin masu ƙananan kantunan kyamis na Nijeriya, kuma yanayin da ya raya kasuwar Ingila, wato asibiti mai nisa ko mai tsada da kanti a bakin layi, sananne ne a wurinmu. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 sun mutu a Nijeriya bayan an ba su maganin fitar haƙori na My Pikin da ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, a 2018 kuma gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, wanda shi ma ɗan gidan ofiyom ne. Don haka idan kika ci karo da haɗe-haɗen tsofaffin littattafan Turawa da ake yaɗawa da sunan hikimar mutanen da, kada ki bi ma'auninsu, domin awonsu na da ne, kuma sau da yawa lodanam ko kalomel ko ruwan dalma yana tsakiyar jerin kayan kamar ba komai ba. A wurin aiki kuma, duk jaririn da aka kawo miki yana barcin da ba ya tashi, ya ƙi nono, numfashinsa ya yi jinkiri, baƙin idonsa ya tsuke ƙwarai, ki tambayi uwar cikin lalama abin da aka ba shi a gida, ki nemi a kawo miki kwalbar ko ƙullin ki gani da idonki, ki kuma sanar da likita nan take domin akwai allurar naloksan da ke warware gubar wannan dangi idan an yi ta da wuri.